Yadda Za Ka Auna Yawan Kansilolin Ƙaramar Hukumarku da Yawan Jama'arta

A ranar 26 ga Oktoba, 2024 aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano, inda aka cike kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484. An daɗe ana muhawara a majalisun hira da gidajen rediyo a kan waɗanda suka hau kujerun, amma ban ji an tsaya a kan adadin kujerun kansa ba, wato dalilin da ya sa Ƙaramar Hukumar Nasarawa, wadda ta fi kowace yawan jama'a a jihar bisa ƙidayar 2006, take da kansiloli 11, alhali Tofa, wadda jama'arta ba su kai ɗaya bisa shida na Nasarawa ba, take da 15. Wannan jagora na mai son gane asalin adadin ne, ya kuma iya yin lissafin da kansa da takarda da biro, sannan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan ya ga an tauye yankinsa.

Kafin ka ɗauki biro, yana da kyau ka san cewa hukumomi a duniya suna bin ɗaya daga hanyoyi uku wajen tsayar da yawan kujerun majalisar yanki, domin sanin hanyar da aka bi shi ne zai nuna maka irin tambayar da ta dace ka yi. A Amurka aka fi ganin bambancin a fili, saboda kowace jiha ita ke tsara wa gundumominta doka, kuma gundumar da suke kira kawunti ita ce ta fi kusa da ƙaramar hukumarmu. Hanya ta farko ita ce a ƙayyade adadi guda ba tare da duban yawan jama'a ba. A Teksas, kowace gunduma tana da kwamishinoni huɗu da shugaba ɗaya. A Kalifoniya kuwa kusan kowace gunduma wakilai biyar gare ta, shi ya sa gundumar Los Anjelis mai mutum kusan miliyan 10 ta daɗe da wakilai biyar, daidai da gundumar Alfain da jama'arta ba su kai 1,500 ba, har sai a 2024 masu zaɓe a Los Anjelis suka amince a ƙara kujerun su zama tara bayan ƙidayar 2030.

Hanya ta biyu ita ce ta hawa-hawa, inda doka ke jera gundumomi bisa yawan jama'a, ta ba kowane mataki iyakar kujerun da ba zai wuce ba. A Jihar Wiskonsin, gundumar da ba ta kai mutum 25,000 ba ba za ta wuce wakilai 21 ba, mai 25,000 zuwa 50,000 iyakarta 31, mai 50,000 zuwa 100,000 iyakarta 39, wadda ta haura haka kuma iyakarta 47, in ban da gundumar birninsu mafi yawan jama'a mai tsari na daban. Abin lura a nan shi ne kujeru suna ƙaruwa da ƙaruwar jama'a, amma ba sa ninkawa idan jama'a sun ninka, domin majalisa tana buƙatar wani adadi na ƙasa da za ta iya kafa kwamitoci da shi komai ƙanƙantar yankin, kuma idan ta yi yawa ainun zaman ya koma hayaniya da kashe kuɗin alawus. Hanya ta uku ita ce tamu: a raba yanki zuwa mazaɓu, kowace mazaɓa ta fitar da kansila ɗaya, yawan mazaɓun ya zama shi ne yawan kujerun. A wannan tsari yawan jama'a yana shiga lissafi ne a ranar da aka shata iyakokin mazaɓu kawai. Daga nan, idan ba a sake shatawa ba, mutane na iya ninkawa sau uku kujera tana nan guda.

Mataki na farko, ka tabbatar da kujerar da kake magana a kanta da dokar da ke riƙe da ita, saboda a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su haɗa maganar kansila da ta ɗan majalisa. Yawan kujerun Majalisar Dattawa ba shi da alaƙa da yawan jama'a ko kaɗan, kowace jiha sanatoci uku, Abuja ɗaya, jimla 109. Majalisar Wakilai kujeru 360 ce, kuma sashe na 49 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mazaɓunta su kasance kusan daidai a yawan jama'a gwargwadon iko. Kano na da 24 daga ciki. Majalisar Dokokin Jiha tana ƙarƙashin sashe na 91, wanda ya ce kujerunta su zama ninki uku ko huɗu na kujerun jihar a Majalisar Wakilai, da sharaɗin kada su gaza 24, kada kuma su wuce 40. Da babu wannan sharaɗi, da Kano na da 'yan majalisar jiha aƙalla 72, amma iyakar ta tsayar da ita a 40, shi ya sa ƙananan hukumomi takwas suka haɗu bibbiyu a kan kujera ɗaya: Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono, sai Tsanyawa da Kunchi, wadda yanzu ake kira Ghari. Bayelsa kuma, mai wakilai biyar kacal a tarayya, sharaɗin ƙasa ne ya ɗaga ta zuwa 24.

Kujerar kansila daban take. Kundin tsarin mulki bai faɗi yawan kansiloli ba. Sashe na 7 ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, sannan ya ɗora wa gwamnatin kowace jiha yin dokar da za ta tanadi kafuwarsu da tsarinsu da yadda za a haɗa mambobinsu da kuɗinsu da ayyukansu. A Abuja ne kawai dokar tarayya ta faɗi adadi, inda Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce hukumar INEC ta raba kowane yanki, wato ƙaramar hukumar Abuja, zuwa mazaɓun da ba su gaza 10 ba kuma ba su wuce 20 ba, kowace da jama'a kusan daidai da 'yan'uwanta. Shi ya sa yankunan Abuja shida ke da kansiloli 62. Mazaɓu 484 da muke da su a Kano suna cikin 8,809 da INEC ke aiki da su a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, kuma tushen shatarsu ya koma 1996, zamanin mulkin soja. Duk wanda ya san yadda Hotoro da Ɗorayi da Rijiyar Lemo da Mariri suke a wancan lokaci, ya kuma ga yadda suke a yau, ya san cewa garin da aka auna ba shi ne garin da muke zaune a ciki ba.

Mataki na biyu shi ne tattara alƙaluma, kuma guda biyu kake buƙata a farko: yawan jama'ar ƙaramar hukumarku da yawan mazaɓunta. Yawan mazaɓu ba shi da wuyar samu, yana nan a ofishin INEC na kowace ƙaramar hukuma da shafinta na intanet, haka kuma a hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC. A cikin birni, Birni da Kewaye na da 13, Dala 12, Nasarawa da Kumbotso da Ungogo 11 kowace, sai Fagge da Gwale da Tarauni masu 10 kowace. Yawan jama'a kuwa sai ka koma ga ƙidayar 2006, domin ita ce ta ƙarshe da aka yi, tun da wadda aka shirya a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Ina ba da shawarar ka tsaya a kan alƙaluman Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa duk da tsufansu, ka bar ƙiyasin da ke yawo a kafafen sada zumunta, saboda doka ƙidayar hukuma ta sani, kuma wanda za ka kai wa koke zai fara neman inda zai kushe lissafinka ne ta wajen asalin alƙaluman.

Mataki na uku shi ne rabawa. Ka ɗauki yawan jama'a ka raba shi da yawan kujeru, abin da ya fito shi ne kason kujera, wato yawan mutanen da kujera ɗaya ke ɗauke da su. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum kimanin miliyan 9.4, idan ka raba da 484 za ka samu kusan 19,400, kuma wannan shi ne ma'aunin da za ka gwada kowace ƙaramar hukuma da shi. Fagge, mai mutum kusan 200,000 da mazaɓu 10, tana da kimanin 20,000 a kan kowane kansila, wato ta zauna daf da ma'aunin jiha. Dala, mai kusan 419,000 da mazaɓu 12, tana da kusan 35,000. Nasarawa, mai kusan 596,000 da mazaɓu 11, tana da fiye da 54,000. Tofa kuwa, mai ƙasa da mutum 100,000 da mazaɓu 15, kowane kansila nata yana wakiltar kimanin 6,500. Ke nan kansila ɗaya a Nasarawa yana ɗauke da nauyin da kansiloli takwas ke ɗauka a Tofa, kuma wannan lissafin 2006 ne, kafin unguwannin gefen birni su cika su batse.

Haka za ka yi wa sauran kujerun idan kana son cikakken hoto. Ƙasar nan ta samu mutum miliyan 140.4 a 2006, idan aka raba da 360 kason ya kama kusan 390,000, sannan idan ka raba jama'ar Kano da wannan kaso za ka samu 24 da ɗan ɗoriya, wato rabon jihar a Majalisar Wakilai ya yi daidai da lissafi. Matsalar tana cikin gida ne, domin Fagge da Nasarawa kowace ɗan majalisar tarayya ɗaya gare ta, ɗan majalisar jiha ma ɗaya, alhali ɗaya ta kusa ninka ɗayar sau uku. Kason kujerar majalisar jiha a Kano kusan 235,000 ne, na Bayelsa kuma, mai mutum kimanin miliyan 1.7 da kujeru 24, kimanin 71,000 ne.

Sai dai a nan akwai wurin da ya kamata ka yi hattara, kuma a ganina shi ne wurin da ya fi muhimmanci a duk lissafin. Kansilan Tofa da na Nasarawa ba majalisa ɗaya suke zama ba, don haka yawan kansilolin Tofa bai rage wa mutumin Gama ko Tudun Murtala ƙarfin ƙuri'arsa ba. Abin da kwatanta ƙananan hukumomi ke nuna maka shi ne nisan da ke tsakanin talaka da wakilinsa: ko kansila zai iya sanin magudanar da ta toshe, da makarantar firamaren da rufinta ya yaye, da asibitin sha-ka-tafin da ba ma'aikaci, a yankin da ke da mutum dubu hamsin da wani abu. Amma tauye ƙuri'a na gaskiya yana faruwa ne tsakanin mazaɓun da ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya, inda kansilan unguwar da ta tumbatsa da kansilan unguwar da ba ta da fili ko ɗaya na ƙarin gini suke ɗaga hannu ɗaya-ɗaya a kan kasafin kuɗi. Irin wannan ne ya kai ga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a 1968 a kan gundumar Midlan ta Teksas, inda yanki guda mai mutum 67,906 yake da kwamishina ɗaya, sauran yankuna uku masu mutum 852 da 828 da 414 su ma kowanne yana da ɗaya. Kotun ta ce ƙa'idar daidaita nauyin ƙuri'a ta shafi hukumomin yanki kamar yadda ta shafi majalisun jihohi.

Saboda haka mataki na huɗu shi ne ka gangara cikin ƙaramar hukumarku ka gwada mazaɓa da mazaɓa. Alƙaluman ƙidayar da aka fi samu a buge sun tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, don haka sai ka yi amfani da rajistar masu zaɓe, wadda INEC ke fitarwa rumfa-rumfa, ana kuma manna ta a bainar jama'a kafin zaɓe. A zaɓen 2023 Kano na da masu rajista fiye da miliyan 5.9 a rumfuna 11,222. Ka tara masu rajista na duk rumfunan mazaɓarku, ka yi haka ga sauran mazaɓun, ka fitar da matsakaici, sannan ka duba nisan kowace daga gare shi. A ɗauka wata ƙaramar hukuma tana da masu rajista 300,000 da mazaɓu 10, kason kowace 30,000 ke nan. Idan mazaɓarku tana da 45,000, ta haura kaso da 15,000, wato kashi 50 cikin 100. Idan mafi ƙanƙanta tana da 21,000, ta gaza da kashi 30. Ka haɗa biyun, gibin ya zama kashi 80 cikin 100. Domin ka san girman wannan, kotunan Amurka sun saba lamuntar gibin da bai kai kashi 10 ba, kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 kuma, wanda ya fi sassauci, ya yarda mazaɓar majalisar ƙasa ta kauce wa kaso da kashi 40 a birane da yankunan da mutane ke warwatse, kashi 30 a sauran wurare.

Rajista ba ƙidaya ba ce, kuma dole ka faɗi haka a cikin takardarka kafin wani ya riga ka faɗa. Ba ta ɗauke da yara 'yan ƙasa da shekara 18, waɗanda su ne rabin gari ko kusa da haka, tana ɗauke da sunayen wasu da suka rasu ko suka yi ƙaura, sannan a yankunan kasuwanni irin su Sabon Gari da Kantin Kwari akwai masu yin rajista kusa da shagonsu alhali a wata unguwar suke kwana. Don haka ka ƙarfafa ta da wasu shaidu da ba a musu a kansu, kamar yawan makarantun firamare da ɗalibansu, da yawan masu unguwanni, da jerin sababbin unguwannin da babu su a 1996. Ƙarin rumfunan zaɓe da INEC ta yi a 2021, lokacin da na Kano suka tashi daga 8,074 zuwa 11,222, shi ma shaida ne mai ƙarfi, domin an ƙirƙiri sababbin rumfunan ne a inda cunkoso ya yi yawa, kuma mazaɓar da ta samu ƙari mai yawa ita ce jama'a suka fi kwarara cikinta.

Kada kuma lissafi ya sa ka raina hujjar mutanen karkara, domin tana da nauyi. Kansila a Doguwa ko Tudun Wada yana iya shafe yini a kan babur kafin ya zagaya ƙauyukan mazaɓarsa, musamman da damina, alhali na Yakasai ko Jakara zai taka tasa a ƙafa tsakanin azahar da la'asar. Sashe na 7 da kansa ya ce wajen shata yankin ƙaramar hukuma a kula da muradin da ya haɗa al'umma, da alaƙarsu ta gargajiya, da sauƙin gudanar da mulki, kuma ba hikima ba ne a tsaga ƙasar dagaci gida biyu don kawai alƙaluma su daidaita. Ra'ayina shi ne kada mutanen birni su nemi a rage wa kowa kujera, wannan faɗa ne da ba za a ci ba, kuma bai kamata a ci ba. Abin nema shi ne dokar jiha ta koma tsarin hawa-hawa, a bar wa kowa abin da yake da shi a matsayin tushe, a riƙa ƙara kujera idan jama'a suka haura wani adadi. Misali, da za a ce kujeru 10 ga mutum 200,000 na farko, sannan ƙarin ɗaya ga kowane 50,000, da Dala ta samu 14, Nasarawa 17, kuɗin da za a ƙara kashewa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da ayyukan da jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa ƙananan hukumomi, kamar kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da maƙabartu da rajistar haihuwa da mutuwa. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma ya haramta kantomomin riƙo, yawan idanun da ke sa ido a kan waɗannan kuɗaɗe ya zama magana mai muhimmanci fiye da da.

Mataki na ƙarshe shi ne kai koke inda ya dace. Idan maganar mazaɓar ɗan majalisar tarayya ce ko ta jiha, INEC ce ke da alhaki, domin sashe na 73 da na 114 sun ɗora mata sake duba iyakokin mazaɓu, da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, ko bayan an yi sabuwar ƙidaya, kuma sauyin ba ya aiki sai Majalisar Tarayya ta amince. Ka sani cewa kujeru 40 na majalisar jiha ba za su ƙaru ba sai an gyara kundin tsarin mulki, don haka abin da za a iya nema a nan sake rabo ne kawai. Idan maganar kansiloli ce, ka fara da Majalisar Dokokin Jiha ta hannun ɗan majalisarku da kwamitin ƙananan hukumomi, ka aika kwafi ga KANSIEC da ofishin INEC na jiha, tun da rajistar da ake zaɓe da ita a hannun INEC take. Legas ta nuna cewa jiha na da iko a wannan fage, domin hukumar zaɓenta tana gudanar da zaɓen kansiloli a mazaɓu 376, alhali INEC 245 ta sani a jihar. Neman sabuwar ƙaramar hukuma kuwa wata doguwar hanya ce daban a ƙarƙashin sashe na 8, mai buƙatar goyon bayan biyu bisa uku na wakilan yankin, da ƙuri'ar raba gardama, da amincewar majalisar jiha, sannan Majalisar Tarayya ta shigar da sunan cikin kundin, don haka kada ka cakuɗa ta da buƙatar ƙarin mazaɓa.

Takardar koken kada ta wuce shafi biyu. A shafin farko ka faɗi sunan mazaɓar da unguwannin da ke cikinta da abin da ake nema a fili, wato a raba ta gida biyu ko uku, tare da nuna titi ko kwari ko layin dogo da zai iya zama iyaka. A shafi na biyu ka jera alƙaluman da inda ka samo kowanne da shekararsa. Ka nemi sa hannun masu unguwanni da dagaci, da limamai, da ƙungiyoyin ci gaban unguwa da na mata da na 'yan kasuwa, kuma ka tabbata akwai 'yan kowace jam'iyya a ciki, domin da zarar an ga launin jam'iyya ɗaya a jikin takardar za a ɗauke ta a matsayin neman kujera ga wani ɗan takara. Ka sanar da hakimi kafin takardar ta fita. Idan ka miƙa ta, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka, ka adana shi tare da jadawalin lissafin, domin ranar da aka fitar da sakamakon sabuwar ƙidaya za ka sauya alƙaluman 2006 da sababbi ne kawai, ka sake rabawa, ka mayar da takardar ofisoshin nan uku.